Ranar da Kakana Ya Yi wa Mai Hawa Igiya Liƙi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, yanzu ko jikokina sai na kira sunan uku kafin in faɗa kan wanda nake nufi. Amma ranar da na kai kakana kallon wasan tanti a birnin Kano, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Har yau in na rufe ido ina jin warin giwa da ƙarar ganga, ina kuma jin hannun tsohon nan a kafaɗata.

Lokacin ba a daɗe da sauya kuɗi daga fam zuwa naira ba, ruwan madatsar Tiga kuma bai daɗe da isowa ƙasarmu ta Kura ba. Ni saurayi ne mai ji da kansa, na sami aikin buɗe ƙofofin ruwa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ina yawo da keke ina ganin babu kamata. Kakana kuwa, wanda ya haifi babana, mahauci ne, kuma a zamaninsa shi ne gwanin hawan ƙaho a duk kewayenmu. Yaran yanzu ba su san shi ba. Ranar jajiberin salla ake ɗauro ƙaton sa da igiya gaba da baya, kalangu na tashi, sai mutum ya tunkare shi ido da ido, ya cafki ƙahonin ya ɗare tsakaninsu, san yana wujijjiga shi yana nema ya tsire shi. Akwai wani tabo a haƙarƙarin Kaka da muke sa yatsa a ciki muna yara, shi ne shaidar ranar da wani bijimi ya kusa cin nasara.

To, wannan jarumin ne cutar yanar ido ta rufe wa gani. Tun yana gane mutum daga nesa, har ya koma sai ka yi magana, har ta kai hasken rana da inuwa kaɗai yake bambancewa. Aka ce akwai asibitin ido a birni da ake cire yana, amma ya ce shi kam a kai kasuwa. Babana ba ya iya musu da shi, in ya je gaishe shi sai ya durƙusa ya ce, "Baba, da an daure an je," Kaka ya yi tsaki, magana ta mutu. Ni kaɗai ne nake da bakin faɗa masa gaskiya, don jika da kaka abokan wasa ne. Kullum sai na ce masa, "Tsoho, wanzami ba ya son jarfa! Ka shekara nawa kana sa wa dabbobi wuƙa, yau an ce za a taɓa ka da 'yar ƙarama duk ka rikice." Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Tafi can, ɗan nema. Ni na ga komai. Idon da ya ga duniya, me ya rage masa?" Ko kanal ɗin da nake ba shi labari, cewa yake yi ruwa ai ruwa ne, ya ga Kogin Kano ya cika ya batse tun ubana bai san hanyar masallaci ba.

Da ƙyar da siɗin goshi muka sa shi a motar haya, muka biyo hanyar Zariya muka shiga birni, muka sauka gidan gwaggona da ke aure a can. Likita ya haska idon ya duba, ya ce na hagu ya riga ya tafi, amma na dama akwai sauran rabo in an yi aikin da wuri, in kuwa aka ƙara jinkiri shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ya ce mu dawo washegari da safe. Kaka ya yi ta gyaɗa kai yana cewa to, to, madalla. Muna fitowa ƙofar asibitin ya juyo ya ce da ni, "Na zo, an gan ni, na fita hakkinku. Gobe da sassafe sai gida. Ba wanda zai yanka mini ido ya naɗe ni da tsumma kamar gawa, in farka a duhun da ya fi wannan." Na san muryar nan tasa. In ya yi magana da ita, ko sa goma aka ɗaura masa ba za su ja shi ba. Gwaggo ta yi kuka har ta gaji, ni kuma raina ya ɓaci, na ga wahalarmu ta tashi a banza.

Muna zaune a zaure bayan azahar sai ga wata mota ta wuce da lasifika, an manna mata hoton giwa tsaye a kan ganga. Ana shelar cewa wasu baƙi masu wasa daga ƙetare sun kafa tanti a wani fili kusa da gidan zu, kowa ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Gaskiya ba don Kaka na so zuwa ba, don kaina ne, tunda ga shi gobe za mu koma ƙauye. Amma ba halin in bar shi, sai na tsokane shi.

"Kai da ka ga komai, ka taɓa ganin giwa?"

"Giwa ai sa ne da ya sami kiwo," in ji shi.

"To tashi mu je ka gaya mata haka a gabanta."

Ya lalubi hularsa ya kafa, ya ce in wuce mu je, don ya nuna mini cewa mutanen birni kuɗinsu ne ya yi musu yawa.

Muka fara da gidan zu, tunda da sauran lokaci kafin a buɗe tantin. Ni ne idonsa, yana dafe da kafaɗata ina faɗa masa abin da ke gabanmu. Na ga jimina, na ga kada kwance kamar gungumen itace, na ga birai suna ƙwace gyaɗa a hannun yara. Duk dabbar da na kwatanta masa, tambayarsa ta mahauta ce: yaya ƙirjinta, akwai kitse? Da muka iso kejin zaki, bai jira na faɗa ba, ya ja hanci ya ce, "Wannan mai cin nama ne." Kamar zakin ya ji, sai ya saki wani gurnani da na ji shi har cikin hanjina. Na ja da baya ban sani ba, na taka wa Kaka ƙafa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe mai buɗe ƙofar ruwa bakinsa ne kawai ke da ƙarfi.

Daga nan muka gangara filin wasan. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Tantin nan ya fi masallacin Juma'armu girma, ja da rawaya, tutoci na kaɗawa a samansa. Kewaye da shi kuma wata kasuwa ce ta abin mamaki. Ga lilo mai dawakan katako yana juyawa da kansa da kiɗa, ga wata rijiya ta katako da wani mutum ke zagaya bangonta a kan babur, yana kwance a iska bai faɗo ba. Na saya mana wata alewa mai kama da auduga. Kaka ya kai baki, ya tauna, ya sake taunawa, ya ce, "An cuce ka. Ina abin ya tafi?" A bayan tantin aka ɗaure giwaye biyu, aka bar mutane suna miƙa musu abinci. Na zuba masa gyaɗa a tafin hannu na miƙa hannun gaba. Giwar ta sauko da haurenta kusa, ta miƙo hancin nan ta shinshina shi tun daga hula har gemu, sannan ta tsince gyaɗar a hankali kamar mace na tsintar shinkafa. Kaka bai motsa ba. Ya shafa hancin, ya bi shi da hannu sama har inda tsawonsa ya ƙare, bai kai ko'ina ba. Na ce, "Yaya, sa ne?" Ya ce, "Sa ne mana, sai dai ya ɗan wuce misali."

Inda na fara lura da shi shi ne ɗakin madubai. Wani madubin ya mai da ni gajere kamar tulu, wani ya miƙar da ni kamar gora, na yi ta dariya har hawaye. Da na waiga sai na ga Kaka tsaye gaban wani madubin, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashin, yana ƙifta ido. Kowa na ƙyalƙyala dariya, shi kaɗai bai san abin da ake yi wa ba. Ya ce mu fita, wurin da zafi.

Bayan mun yi la'asar aka buɗe tantin. Muka sami benci na gaba, kusa da wani ɗan gajeren shinge da ya kewaye filin wasan. Aka kunna fitilu masu launi, masu badujala suka saki kiɗa, wani mutum mai jar kwat da doguwar hula ya fito yana magana da harshen da ban sani ba. Wasu sun ce daga Indiya suke, wasu sun ce daga ƙasar Larabawa, ni dai har yau ban tabbatar ba. Abin da na gani kuwa ya fi ƙarfin bakina. Dawakai suka yi rawa da ƙafa biyu. Wasu samari suka hau kan juna har suka yi tsawon dabino. Zaki ya yi tsalle ya ratsa zoben wuta, giwa ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kan mutum yana kwance ba ta murƙushe shi ba. Ina kallo ina zuba wa Kaka labari a kunne, shi kuma yana kushewa. Na ce ga wani mai jan hanci yana faɗuwa ana dariya, ya ce ɗan kama ne, muna da su. Na ce ga wani yana haɗiye takobi, ya ce 'yan tauri sun fi shi. Ko zakin ma cewa ya yi an ƙosar da shi ne kafin a fito da shi.

Can sai aka rage fitilu, aka bar guda ɗaya tana haska sama. Na ɗaga kai. Ashe akwai igiya da aka ja daga wannan turken zuwa wancan, can ƙololuwar tantin, inda ko tsuntsu sai ya yi niyya. Wata mace ta hau tsani har ta kai, ta ɗauki doguwar sanda ta riƙe a kwance, ta ɗora ƙafa a kan igiyar. Babu komai a ƙarƙashinta sai ƙasa. Ganga ta yi ta rugugi, matar tana tafiya taku ɗaya bayan ɗaya, har ta kai tsakiya. A nan ta tsaya, ta durƙusa a kan igiyar, ta ɗora sandar a gwiwa, ta zaro wani baƙin ƙyalle ta ɗaure idonta da shi. Sai gangar ta yi ɗif.

Tantin nan cike yake maƙil, amma ko tari ba ka ji. Ni kuwa bakina a buɗe, na manta da akwai wani Kaka a duniya. Sai na ji ya damƙi cinyata.

"Me ake yi?"

Idona na kan igiyar, ko juyowa ban yi ba.

"Kai, ɗan nema, me ake yi? Kiɗa ba ya tsayawa haka kawai. Wani yana wasa da ransa. Faɗa mini!"

Na ce, "Mace ce, Kaka. A kan igiya, can sama. Ta ɗaure idonta."

"Ta ɗaure idonta? Da hannunta?"

"Da hannunta."

Ya ɗaga fuska sama yana neman ta da wannan idon nasa fari fat. Matar ta miƙe, ta ci gaba da tafiya a makance. Ta kusa kaiwa sai ƙafarta ɗaya ta goce, igiyar ta yi lilo, sandar ta karkata. Gaba ɗaya tantin ya ɗauki salati. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta tsaya, har igiyar ta lafa, sannan ta mai da ƙafar ta ƙarasa. Wayyo, ihun da aka yi! Na ga manyan mutane da rawani suna tsalle kamar yara, ni kaina ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Matar na saukowa Kaka ya miƙe tsaye yana lalube a aljihu.

"Kai ni wurinta."

"Ina? Kaka, zauna!"

"Liƙi zan yi mata."

"Ba a yin haka a nan. Ba dandalin ƙauye ba ne, an biya kuɗin shiga tun a ƙofa."

"Kuɗin ƙofa na mai tanti ne. Wanda ya sa ransa, a goshi ake sallamarsa. Haka aka yi mini, haka zan yi."

Kafin in riƙe shi ya ɗaga ƙafa ya haura shingen, saura kaɗan ya kifa. Dole na bi shi na tallafe shi. Sai ga mu tsakiyar fili, ni da tsoho mai babbar riga, fitila ta haske mu, dubban idanu a kanmu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Masu tsaro suka taso da gudu, mai jar kwat ya tare mu yana ɗaga hannu yana surutu. Mutane suka fara dariya. Amma da Kaka ya ɗaga hannu aka ga sule yana ƙyalli tsakanin yatsunsa, sai Kanawa suka gane. Daga can baya wani ya ƙwala, "A bar tsoho ya yi liƙinsa!" Nan take tantin ya ɗauka, a bar shi, a bar shi. Wani ma'aikacinsu Bahaushe ya raɗa wa mai jar kwat magana, shi kuma ya juya ya gaya wa matar.

Ta tako ta zo gabanmu. Daga ƙasa na ɗauka yarinya ce, ashe ta kai sa'ar innata, 'yar ƙarama, hoda ta jiƙe a fuskarta, yatsun ƙafarta duk a naɗe da bandeji. Ta dubi idon Kaka, sai ta sunkuyar da kai. Na kama hannunsa na kai goshinta. Ya danna sulen ya zauna daram, amma bai janye hannun ba. Ya bar tafinsa a wurin, fuskarsa ta canja. Ita kuma ta kama hannun nasa da nata biyu ta riƙe. Sai ya buɗe murya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba tun da na yi wayo, ya ce, "Sannu jaruma! Sannu mai taka inda namiji ya ja da baya! Allah ya sauke ki lafiya kullum!" Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga idonta ya ciko.

Muka kama hanyar komawa. Ko da na tsokane shi cewa ya kunyata Kura gaba ɗaya, tafiyarsa kawai ya ci gaba da yi. Sai da muka idar da magariba a ƙofar gidan Gwaggo, yana zaune a kan buzu, sannan ya kira ni.

"Ka san abin da na ji a goshin matar nan?"

Na ce gumi.

"Gumi kala biyu ne. Akwai na gajiya, mai ɗumi. Nata sanyi ƙalau. Tsoro take ji, ɗan nan. Kullum da shi take hawa." Sannan ya ce, "Na san gumin nan. Mutane suna cewa layu ne da ni, wai ba na tsoron sa. Ƙarya ce. Ban taɓa hawa ƙaho ba sai na zaga bayan katanga na yi amai tukuna. Makaɗina kaɗai ya sani, ya kuma mutu da sirrin. Da tsufa ya zo sai na manta, na ɗauka tsoron nan baƙo ne, alhali tsohon abokin tafiyata ne." Ya gyara zama ya ce, "Mace ta ɗaure idonta da hannunta a kan igiya, ni a kan gado za a ɗaure nawa. Gobe ka kai ni wurin ɗan'uwana mahauci."

Washegari muna zaune a benci a asibiti muna jiran kiran likita, ya kamo hannuna ya ɗora a goshinsa. Sanyi ƙalau, sharkaf. Ya ce, "To, me kake jira?" Na laluba aljihu na ciro sule na manna masa. Haka ya shiga da shi a goshi, ma'aikaciyar jinya tana dariya tana cewa, "Baba, biki za ka?" Ya ce mata ƙwarai kuwa, kuma shi ne angon.

Ya yi kwanaki a kwance ido a naɗe, an hana shi ko juya kai. Ranar da aka kwance idon, aka sa masa wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya ƙura mini ido ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe haka ka yi muni." Ni kuwa kuka nake yi kamar ƙaramin yaro, ba kunya.

Da aka sallame mu ya ce sai an kai shi ya ga matar. Muka je, amma baƙi sun tashi. Ba tanti, ba lilo, sai fili fetal da kashin giwa da wata babbar da'ira a ƙasa. Ya bi ya gano ramukan turakan nan biyu, ya taka daga wannan zuwa wancan a hankali. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama inda igiyar take a da, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allahu Akbar." Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma har ya rasu yana sa ta a addu'a.

Da motarmu ta iso ƙasar Kura ya ce a sauke mu kafin gari. Tsakiyar rani ne, lokacin da ya saba ganin ƙasa ta bushe ta tsattsage. Sai ga ruwa yana gudu a miƙe cikin kanal, ga alkama kore shar har iyakar gani, ga tumatir ja a kwanduna, balbelu suna bin manoma. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Na ce, "Tsoho, ai ka ga komai." Ya ɗaga sanda kamar zai maka mini, ya ce, "Rufe mini baki, ina kallo." Ya ƙara shekaru masu albarka a duniya, kuma ban sake jin kalmar nan a bakinsa ba.

Ni da na yi ta yi masa gorin tsoro, ban matsar da shi ko taku ɗaya ba, sai da ya taɓa goshin wadda ke jin irin nasa tsoron kuma ta taka. Shi ya sa tun daga ranar, in na ga mutum zai tunkari abu mai nauyi, ko ɗakin tiyata ne ko wata doguwar tafiya, ba na ce masa kada ya ji tsoro, don na san ba zai yiwu ba. Sai in dafa goshinsa. In na ji gumin nan mai sanyi, in ce masa, "Madalla, irin na jarumai ne. Tashi ka hau da shi."